Sun Ce Ni Ne Ƙazamin Gidan, Alhali Ina Alwala Sau Biyar a Rana

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗan Katsina ne, shekarata 26, ina digiri na biyu a garin Coventry da ke Ingila. Mu biyar ne a gidan haya: ni, da wani Ba'indiye, da 'yan China biyu, da wata 'yar Poland. Kowa da ɗakinsa, amma kicin ɗaya muke amfani da shi, banɗaki kuma biyu. Watana uku ke nan da zuwa. Makon jiya na tashi da safe na tarar an ɗauki hoton tukunyar da na jiƙa an saka a guruf ɗinmu na WhatsApp. Aka rubuta cewa kwananta biyu a wajen wanke-wanke, cewa kullum ƙasan banɗaki a jiƙe yake in na fito, kicin yana warin mai, kuma tun da na zo ban taɓa fitar da shara ba. Anti, raina ya ɓaci ƙwarai. Ina wanka sau biyu a rana, ina alwala sau biyar. Su kuwa da takarda suke tsarki, ga naman alade a firjin da muke tarayya, ga kwalaben giya, amma wai ni ne ƙazami. Ina ganin don ni baƙar fata ne kuma Musulmi. Yanzu na daina gaishe su, girki ma sai tsakar dare nake yi in kowa ya kwanta. In mayar musu da martani ne, ko in bar musu gidan?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya mayar da kai gida lafiya.

Na fahimci zafin da ka ji. A wurinmu a ce wa mutum ƙazami zagi ne da ke taɓa har iyayen da suka rene shi, balle kuma a yi maka shi da hoto a gaban jama'a. Wanda ya saka hoton nan bai kyauta ba. Da ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ya faɗa maka baki da baki, da ya fi mutunci. Wannan na ba ka gaskiya a kai, kuma zan dawo kansa.

Amma na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma akwai abin da na nema ban samu ba. Ba ka ce tukunyar ba ta kwana biyu ba. Ba ka ce banɗakin a bushe kake barinsa ba. Ba ka ce ka taɓa jan kwandon shara zuwa bakin titi ba. An zarge ka da abu huɗu, sai ka kare kanka da wanka da alwala, waɗanda ba wanda ya ce ba ka yi. Tsaftar jikinka taka ce, kuma na yarda kana da ita. Abin da suke kuka da shi tsaftar wurin da ku biyar kuke tarayya ne, kuma a nan, ƙanena, kana da gyara. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ka tuna gidanku a Katsina. Ka ci tuwo ka ture kwano, ka wanke hannu ka fita. Da ka dawo kwanon yana kife a kwando, a wanke. Wa ya wanke shi? Wa ke share tsakar gida kafin ka dawo daga sallar asuba? Wa ke kai shara bola? Mahaifiyarka ce, ko ƙannenka mata, ko yarinyar da ke aiki a gidan, ko almajirin da ke zuwa da safe. Yawancin samarinmu suna girma ne a cikin tsaftar da ba su san wahalarta ba, har su ɗauka haka gida yake zama da kansa. A gidan da kake yanzu waɗannan hannaye ba su biyo ka ba. Duk abin da ka bari, ko dai ya zauna yadda ka bar shi, ko wani daga cikin mutum huɗun nan ya yi maka. Ina kyautata zaton wata uku 'yar Poland ɗin nan ko wani cikinsu yana goge ruwan da ka bari yana haɗiye fushi, sai da tura ta kai bango aka ɗauki hoto.

Kada kuma zuciya ta raya maka cewa wanke-wanke da goge-goge ba aikin namiji ba ne. A Bukhari an tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a cikin gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita.

Banɗakin shi ne babbar maganar, don haka bari in tsaya a kansa sosai.

Bayan ma'aikatan da ka baro a gida, akwai wani ma'aikaci na biyu da ka baro: rana. A gidajenmu bayi siminti ne ko tayil, an karkata shi zuwa rariya, ka kwara ruwa bokiti guda ya gangara kwata, abin da ya rage iska da zafi su busar cikin minti kaɗan. Gidajen Ingila ba haka aka gina su ba. Yawancin banɗakunansu ba su da rariya a ƙasa ko kaɗan. A benen sama, ƙarƙashin ledar da kake takawa katako ne. Ruwan da ya zuba daga buta ba shi da inda za shi, sai ya bi gefen bango da gindin masai ya shige ƙarƙashin leda, katako ya sha, wata rana a ga tabo ruwan ƙasa a silin ɗin ɗakin da ke ƙasa. Ga shi yanzu lokacin sanyi ne, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, tagogi a rufe. Ruwan alwalar asuba yana nan har azahar. Sannan su mutanen gidan da safa suke yawo a cikin gida. Ka ɗauka kai ne ka tashi cikin sanyi ka shiga banɗaki, safarka ta jiƙe sharkaf da ruwan da ke gaban masai, ba ka san ko ruwan mene ne ba. Mu mun san ruwan tsarki ne ko na alwala. Su abin da zai fara zuwa ransu fitsari ne.

Ba na ce ka bar buta ba, kuma kada ka bari kowa ya sa ka ji kunyarta. Abin da za ka canza shi ne yadda kake amfani da ita. Ka yi tsarki kana zaune, ruwan ya zuba cikin masai, da ƙaramar buta mai siririn baki. In ka zo alwala ka rage famfo ya zama siriri. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, wato kimanin cikin tafin hannu biyu a haɗe, mu kuwa mukan sake famfo kamar za mu wanke mota. Wanke ƙafa ka yi shi a cikin bahon wanka ko wurin shawa, inda akwai magudana. Kada ka ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu: a nan suke wanke baki da fuska, kuma a jikin bango aka kafe shi, yawan danna shi na iya sassauta shi. Ka ajiye tsohon tawul naka na kanka, da ka gama ka tsane ƙafa kafin ka taka ƙasa, ka bi duk inda ruwa ya fallatsa ka goge. Wannan aikin bai kai minti ɗaya ba. Butar kuma ka zubar da sauran ruwan, ka ajiye ta a lungu ɗaya ko ka koma da ita ɗakinka.

In ka yi wanka ka saka labulen cikin baho, ka kunna fankar zuƙe tururi ko ka ɗan buɗe taga bayan ka fito, ka tsince gashin da ya taru a bakin magudana. Dalilin tagar ya wuce maganar zaman lafiya da maƙwabta. Tururin wanka da na girki da na wankin da aka shanya a ɗaki, in ya taɓa bango mai sanyi sai ya koma raɓa, daga nan sai baƙar funfuna ta fara fitowa a kusurwar taga da bayan kabad. Funfunar nan tana cutar da huhu. A watan Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan Sudan ne, ya rasu a garin Rochdale, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar funfunar gidansu ne ya yi ajalinsa. Na kawo maka labarin nan ne saboda abu biyu. Na farko ka san funfuna ba abin wasa ba ce. Na biyu, a binciken ta fito fili cewa masu gidan sun ɗora laifin a kan salon rayuwar iyalin, har da zaton irin wankan da suke yi na addini ne ya jawo, alhali gidan ne ba shi da isasshiyar hanyar fitar da danshi, kuma daga baya suka amsa cewa sun yi kuskure. Wato zargin da kake yi na cewa akan yi wa irinmu kallon raini a ƙasar nan ba daga sama ka tsinto shi ba, yana faruwa. Shi ya sa in ka ga funfuna ta ƙi tafiya duk da kana buɗe taga kana kunna hita, ka ɗauki hoto ka rubuta wa mai gida, a rubuce, da kwanan wata. Sai dai a wasiƙarka ban ga alamar wannan rainin ba tukuna. Mutum uku cikin huɗun da kake zargi ba Turawa ba ne, baƙi ne kamarka, kuma abin da suka rubuta tukunya ce da ruwa da shara, ba su ambaci fatarka ko sallarka ba.

Sai kicin. Jiƙa tukunya al'adarmu ce mai dalili, ƙanzon tuwo ba ya fita sai ya sha ruwa. Amma wajen wanke-wanke ɗaya ne ga mutum biyar, tukunyarka na ciki ba mai iya wanke ko kofi. Da ka kwashe abinci ka zuba ruwan zafi da ɗan sabulu, ka ajiye ta a gefe, kafin ka gama ci ƙanzon ya saki. Ka wanke a daren. Ka goge kan murhu tun yana da ɗumi, domin jan man da ya fallatsa in ya huce ya kama, sai an sha wuya, kuma manja yana rina farin katako da roba.

Kada ka kuskura ka zuba sauran mai a magudana. Ka san yadda manja ke daskarewa a kwalba lokacin hunturu ko a Katsina. Haka yake yi a cikin bututun gidan nan mai sanyi, ya haɗu da ɓarɓashin shinkafa ya toshe, kuma in mai gyara ya buɗe ya ga jan mai ba sai an tambayi na waye ba. Matsalar babba ce a can: a 2017 an ciro wani dunƙulen daskararren mai da tsummoki a magudanar unguwar Whitechapel ta Landan, nauyinsa kimanin tan 130, tsawonsa mita 250. Ka bar mai ya huce, ka juye a tsohuwar kwalba ko gwangwani, ka jefa a shara, ka share kaskon da takarda kafin ka wanke.

Maganar wari kuwa, kada ka bar cin abincinka don wani. Daddawa da kuka da yaji ba laifi ba ne, shi ma Ba'indiyen nasa kayan ƙamshin suna tashi, 'yan China ma haka. Ka rufe ƙofar kicin in kana soya, ka kunna fankar kan murhu, ka buɗe taga, kada ka bar mai ya yi ta ƙonewa har ya turnuƙe. Daddawa da busasshen kifi su zauna a roba mai murfi. Kuma don Allah, in ƙararrawar hayaƙi ta dame ka, kada ka rufe ta da leda ko safa kamar yadda wasu ɗalibai ke yi. Rayukan mutum biyar ne a ƙarƙashinta, kai kuma ga shi girkin tsakar dare kake yi lokacin da kowa ke barci. Wannan girkin dare ma ka daina shi, yana cinye maka barcin da karatunka ke buƙata.

Akwai abu biyu da ba su rubuta ba amma ina so ka sani. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Birtaniya tana gargaɗin kada a wanke ɗanyar kaza a famfo, saboda ruwan yana fallatsa ƙwayoyin cuta kan kwanuka da teburin girki, kuma dafawa ce ke kashe su. Na san da wuya Bahaushe ya jefa nama a tukunya bai wanke ba. In ba za ka iya bari ba, ka wanke a cikin roba mai zurfi a hankali, sannan ka bi wurin da ruwan zafi da sabulu. Na biyun, dafaffiyar shinkafa ba a barinta a tukunya ta kwana a kan murhu. Ka sa ta a firji cikin kamar awa ɗaya, ka cinye washegari, ka ɗumama ta ta yi zafi sosai. Wajen wanke masai kuma, ruwan bilic irin su Hypo da Jik da muka sani a gida ba a haɗa shi da wani sinadarin wanki, musamman na cire farin gishirin da ruwa ke bari a famfo, ko ruwan binega. Haɗin yana fitar da iska mai guba, a ɗan ƙaramin banɗaki rufaffe kuwa tana iya kai mutum asibiti.

Shara ba ta da wuya. Motar ƙaramar hukuma tana da ranarta, a wurare da yawa ma sharar gida sai mako biyu-biyu ake kwasa, in ta wuce ku kun shiga uku da wari da ɓeraye. Ka shiga shafin ƙaramar hukumar ka sa lambar unguwarku, za ka ga ranar da kuma abin da ke shiga kowane kwando. In aka cusa ragowar abinci a kwandon kwali da robobi, ma'aikatan na iya ƙin ɗauka. Ka sa ƙararrawa a wayarka daren da ya gabaci ranar.

Yanzu naka haƙƙin, domin kana da shi. Ka nemi a raba firji kowa da shiryayyensa, ɗanyen nama kowane iri ya zauna a ƙasa cikin roba rufaffiya. Wannan ko a tsarin lafiyarsu haka ake so, don haka ba wanda zai ce ka kawo baƙon abu. Ka sayi tukunyarka, kaskonka, wuƙarka, katakon yankanka da sosonka, ka ajiye a kabad ɗinka, ka faɗa musu cikin ladabi cewa saboda addininka ba ka haɗa su da naman alade. Yawancin mutane suna girmama wannan in an yi musu bayani. In kuma wata rana wani ya yi kuskure ya ɗauka, ba sai ka jefar ba. Sahabi Abu Sa'alaba ya tambayi Annabi (SAW) game da kwanukan Ahlul Kitabi, aka ce masa in ya sami wasu ya yi amfani da su, in bai samu ba ya wanke ya ci a ciki. Kwalaben giya in an bar su a teburin kicin, kana da ikon cewa a kwashe, kamar yadda su ma suke da ikon magana a kan tukunyarka. Amma takardar da suke tsarki da ita ka cire ta daga lissafi. Wannan tsakaninsu da jikinsu ne, ba ta jiƙa maka safa ba.

Ka ce ko ka bar gidan. Ban ba ka wannan shawara ba. Da farko, duk inda ka koma da tukunyar da butar za ka tafi, ko da gidan 'yan Najeriya ne zalla, kuma na ga abokai 'yan gari ɗaya sun daina magana da juna a kan wanke-wanke. Sannan akwai kuɗi. Fita ba bisa ƙa'idar yarjejeniya ba na iya sa ka ci gaba da biyan hayar ɗakin da ba ka ciki. Akwai kuma kuɗin ajiyar da ka bayar lokacin shiga. A Ingila, tun dokar 2019, bai kamata ya wuce hayar mako biyar ba, kuma dole mai gida ya saka shi a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. A ce hayarka fam 120 ce a mako, kana iya samun har fam 600 a ajiye, ka juya wannan zuwa naira ka ji. Ranar fita za a kwatanta gidan da takardar da aka rubuta yanayinsa ranar shiga, duk abin da aka tarar na maiƙo a murhu, tabo a kafet ko datti a banɗaki, daga nan za a cire kuɗin gyaransa. In kuma takarda ɗaya ku biyar kuka sa wa hannu, ɓarnar mutum ɗaya kowa ke biya, kuma wannan na iya zama rabin dalilin fushinsu. Ka nemo takardarka ka karanta yau. Abin da bai fito maka ba, ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗaliban jami'arku zai duba maka kyauta.

Abin da za ka yi a wannan makon shi ne ka rubuta a guruf ɗin nan, a gajarce, ba tare da kare kai ba. Ka ce ka ga saƙon, maganar tukunya da banɗaki da shara gaskiya ce, za ka gyara. Ka bayyana musu a jimla ɗaya cewa ruwan da suke gani na wanke gaɓɓai ne kafin salla, domin mai yiwuwa ba wanda ya taɓa faɗa musu. Ka roƙi cewa nan gaba in akwai matsala a same ka kai tsaye maimakon hoto. Sannan kai da kanka ka kawo shawarar a zauna minti ashirin a tsara jadawali a manna a jikin firji: wa ke da kicin wannan makon, wa ke da banɗaki, wa ke da shara da injin share kafet, da kuma fam nawa kowa zai riƙa bayarwa na sabulu da ledar shara. A zaman nan ne za ka kawo maganar firji da tukwanenka. Makon farko ka ɗauki banɗaki da kanka.

Ka koma gaishe su tun gobe da safe, ko ba su amsa da fara'a ba. Ranar Asabar in ka dafa shinkafa da miya ka ƙara hannu, ka rage attarugu, ka ce kowa ya ɗiba. Ka ba abin wata guda kana cika alkawari. Idan bayan haka ƙasa a bushe take, tukunya a kife, shara na fita a ranarta, amma har yanzu kai kaɗai ake ɗauka hoto, ko aka fara taɓa sallarka ko launin fatarka, to ka adana saƙonnin da kwanan watansu, ka kai wa mai gida da ofishin kula da ɗalibai na jami'a, ka kuma sake rubuto mini mu duba yadda za ka tashi ba tare da ka yi asarar kuɗin ajiyarka ba.